Likkafanin Inna Saude

Litinin, 8 ga Agusta, 1994, bayan la'asar

Na dawo daga gona na tarar da Buba a zaurena, ya jingina sandarsa da bango, matata Turai ta dama masa fura bai ko taɓa ba. Buba ƙanen Inna Saude ne, ta rugar ƙetaren rafi. Muka gaisa, na tambayi shanu, ya tambayi gero. Sannan ya ce jikin Adda ya ƙi, haka yake kiran yayar tasa. Kwana tara ke nan ba ta fita tatsa ba. Ƙafafu sun kumbura, numfashi sama-sama. Sun kai ta asibiti, aka ce su koma gida a ci gaba da addu'a.

Ya ce jiya suka buɗe adudunta don a shanya likkafaninta, ba su gan shi ba. Da suka matsa mata da tambaya, ta gaya musu inda yake. Sai ya kama hannuna da hannu biyu.

"Saje, ashe abin da ka yi mana ke nan, ka yi shiru duk wannan lokaci?"

Na ce, "Ai ba komai, Buba."

Bari in rubuta yadda yake, tunda ba mai karanta littafin nan sai ni. Hamman ɗan farin Inna ne. Ni na kai shi soja, ni na nema masa sashenmu na kaya da sufuri, ya zama direban tankar ruwa. Tare muka je Laberiya. Ya rasu can, kusan shekara biyu ke nan. Da aka sallame ni na dawo Badafi, na je mata gaisuwa, ta tambaye ni da me aka rufe shi. Na ce da likkafanina, wanda nake tafiya da shi duk inda aka tura ni. Ta tashi ta shiga bukka, ta fito da nata ta ɗora mini a cinya. Karsana ta sayar ta ba wani alhaji ya sayo mata shi a Makka, aka tsoma a zamzam.

Yana cikin akwatina na ƙarfe, ƙarƙashin kaki. Ni kuwa ban taɓa mallakar likkafani ba, balle in yi tafiya da shi.

Talata, 9 ga Agusta, da safe

An yi ruwa. Ban buɗe akwatin ba.

Laraba, 10 ga Agusta, da hantsi

Buba bai iya riƙe magana ba. Na je teburin Lado mai shayi, ina isa Lado ya kori mutum biyu daga benci ya ce in zauna. Ya ce, "Saje Mainasara, sannu da zuwa." Na waiwaya in ga ko da wani yake.

Tun da na dawo sunana a wannan teburi Saje Buhu. Lado ne ya raɗa mini. Ranar farko suka kewaye ni, mutum nawa ka harbe, na ce ko ɗaya. Shekara ashirin da biyar a soja, tun yaƙin basasa, ko ɗaya? Na ce aikina sito ne. Shinkafa, gari, mai, takalma, barguna, harsashi. Na ce musu wanda ke bakin daga, idan bai ci ba kwana biyu bindigar ma nauyi take yi masa, kuma harsashin da ya harba wani ne ya ɗauko shi daga jirgin ruwa, ya sa a mota, ya bi hanyar da ake harbin motoci ya kai masa. Lado ya ce, "Wato dai kai ne uwargidan bariki." Aka yi ta dariya har da masu tari.

Ban taɓa nuna ya dame ni ba, amma ya dame ni. Babana Audu ma haka ya mutu da shi. Ya je yaƙin Boma, ya ɗauki kaya a ka cikin dazukan da ko alfadari ba ya iya shiga, ya dawo gashin tsakiyar kansa ya zube bai sake tsirowa ba. Waɗanda suka riƙe bindiga aka yi musu waƙa. Shi kuwa har ya rasu ana ce masa Audu Gammo.

Yau Lado ya ƙi karɓar komai a hannuna, ya ƙara mini madara. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne daɗin da na ji. Na sha shayin har ƙasan kofi.

Juma'a, 12 ga Agusta, bayan magariba

Malam Jibrin liman ya yi mana nasiha a masallacin unguwa. Bai kama suna ba. Ya ce akwai bayin Allah a cikinmu da muke yi wa dariya, alhali sun tuɓe suturar kabarinsu sun rufa wa ɗan wani a ƙasar da ba ta iyayensa ba. Kowa ya juyo. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka tawali'u ne.

Asabar, 13 ga Agusta, bayan azahar

Yau zan rubuta. Na fara sau biyu ina yagewa.

Watan Oktoba ne, lokacin da aka yi wa Manrobiya, babban birnin Laberiya, zobe. Hamman ya fita da tanka da sassafe zai kai wa 'yan bakin gada ruwa, kwana biyu suna shan na kwata. Ya kai. A hanyar dawowa abin ya same shi. Da azahar aka kawo shi bayan wata motar, an rufa masa tamfol. Fuskarsa ba abin da ya taɓa ta.

Mu Musulmin da ke wurin muka ce ba za a kwana da shi ba. Kofur Ubale, mutumin Tudun Wada, ya yi masa wanka. Aka zo kan sutura. Na shiga bayan sito inda muke tara buhunan da aka juye, na zaɓi na fulawa guda uku, irin na farin yadi ɗin nan. Na farke su, na kakkaɓe, na wanke sau uku da sabulu. Ba su gama bushewa ba muka ɗinke. Akwai shuɗin rubutu a jiki da hoton zangarniyar alkama, na yi ta dirza bai fita ba. Muka juya rubutun ciki.

Da wannan aka rufe ɗan Inna Saude, wanda take kunyar kiran sunansa saboda ɗan fari ne, wanda ya ce mini Baffa tun bai iya ɗaura wando ba.

Akwai saura, amma yau iyakar abin da zan iya ke nan.

Litinin, 15 ga Agusta, da yamma

Na je ruga da sukari da goro. Na shirya maganata tun daga gida, ina tafe ina maimaita ta kamar sabon kurtu. Na ƙetare rafi ruwa iya gwiwa.

Ta rame, sai ido. An jingina ta da buhun dawa don numfashi ya fi sauƙi a zaune. Na durƙusa na gaishe ta.

"Saje, ka sha hanya. Ina Turai?"

"Tana gaishe ki, Inna. Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya. Buba ya dame ka da surutu ko? Na ce masa kada ya je."

Na ce ai na zo ne a kan maganar yadin. Ta ɗaga hannu.

"Kada ka fara. Buba zai sayo akoko a Ƙafin Maiyaki, ya ishe ni. Ƙasa ce za ta ci." Ta huta, sannan ta ce, "Na yaron nan, fari ne ko?"

Duk zuwan da na yi sai ta yi mini wannan tambaya. Ba mantawa take yi ba, so take ta sake ji.

Na ce, "Fari ne sol, Inna."

Ta lumshe ido tana murmushi. Na zauna kaɗan, na yi sallama. A rafi na tsaya na wanke fuska, na daɗe a tsugune har wata mai tallan nono ta tambaye ni ko lafiya.

Laraba, 17 ga Agusta, da safe

Na sami dabara. Turai za ta kai yadin, ta ce kyauta ce daga gare ta, mace da mace. Ba sai an yi wani bayani ba. Na buɗe akwatin yau, karo na farko cikin wata goma sha huɗu. Har yanzu da ƙamshin turaren da ta sa masa.

Turai ta karɓa tana kallona. Ba ta karatun boko, amma shekara ashirin da biyu tana karanta ni.

Laraba, bayan la'asar

Ta dawo da shi. Inna ta ce wanda ya rufa wa yaron nan asiri da nasa, ba za ta bar shi ya shiga ƙasa tsirara ba. Ta ce in aka sake kawowa za ta ɗauka raini ne.

Alhamis, 18 ga Agusta, bayan azahar

Turai ta ajiye mini tuwo, ba ta tafi ba. Ta zauna a bakin ƙofa tana gyaran zogale.

"Malam, ni na haɗa maka kaya ranar da za ku Laberiya. Ni na haɗa na Legas, ni na haɗa na Jos. Ban taɓa sa likkafani ba."

Na ce a can na saya.

"To."

Ta ci gaba da tsinke zogalenta. Wannan "to" ɗin nata ya fi tsawar manjo. Ban kai loma uku ba na gaya mata maganar buhu. Na zaci za ta yi salati. Sai ta ce, "Wannan ne ya hana ka cin abinci kwana goma? Ana yaƙi, babu yadi, ka wanke abin da ka samu. Ina abin kunya? Ƙaryar ce dai ba ta da kyau."

Na ci gaba da juya tuwon a kwano.

Ta ɗago. "Ko akwai yadin?"

Na ture kwanon na fita gona, alhali ba abin da zan yi a can.

Asabar, 20 ga Agusta, da hantsi

Akwai.

Zannuwan gado farare, sababbi, guda arba'in, a cikin ledarsu. Sun zo a jirgi mako guda kafin nan, na ɗakin jinyar da za a buɗe. Suna kan kanta ta uku daga ƙofa, makullin yana ɗaure a ɗamarata.

Ƙa'idar sito ita ce ko allura ba ta fita sai da takarda mai sa hannun hafsa. Hafsanmu ya tafi tashar jiragen ruwa tun safe, hanya ta rufe, ba a san lokacin dawowarsa ba. Ubale ya zo ya tsaya a ƙofa hannayensa a jiƙe.

"Saje, zani biyu kacal."

Na ce, "Kawo takarda."

"Saje, Hamman ne fa."

Na ce na san ko wane ne, amma kayan ba nawa ba ne. Ya dube ni ya juya. Buhun da aka juye ba ya bukatar sa hannu, shi ya sa na zagaya baya.

Ban san yadda zan bayyana wa wanda bai yi aikin ba. Duk abin da ake zagin mai sito da shi sata ce. Kowa na ɗauka muna sayar da shinkafar soja, wasunmu kuma suna yi. Ni abin da na mallaka a duniya shi ne ba a taɓa bincika sitona aka tarar da giɓi ba. Baba ya sha gaya mini cewa a Boma ɗan dako ba shi da lamba ba shi da waƙa, abin alfaharinsa ɗaya ne, ya sauke kaya yadda aka ɗora masa. Na riƙe wannan har ya zame mini kamar addini. Ranar nan na tsaya a gaban kanta hannuna a kan makulli, wallahi ban ji zuciyata ta ce buɗe ba. Abin da na ji shi ne, idan aka zo dubawa fa?

Washegari hafsa ya dawo. Na gaya masa mun rasa direba. Ya ce Allah ya ji ƙansa, ya zauna ya sa hannu a takardu goma sha wani abu ba tare da ya karanta ko ɗaya ba. Da na kai masa ta zani biyu a ciki, da ya sa.

Ranar da na miƙa sito ga wanda ya gaje ni, zannuwan nan arba'in ne cif. Ɗakin jinyar ba a buɗe ba. A takardar sallamata an rubuta cewa ni mai amana ne, tana nan cikin akwatin, kusa da yadin Inna.

Ubale bai sake ce mini Saje ba sai in akwai hafsa a wurin.

Lahadi, 21 ga Agusta, da yamma

Na gaya wa Turai sauran. Ta ɗauke kwanuka, ta share tsakar gidan da ta riga ta share.

Litinin, 22 ga Agusta, bayan la'asar

Na sami Malam Jibrin shi kaɗai a zaurensa. Na ce wani abokina ne ya aiko ni da tambaya. Idan aka rufe mamaci da buhu mai tsarki, suturar ta yi? Ya ce ta yi, matuƙar ya rufe jiki. Na ce idan kuma mutum ya yi wa uwar mamacin ƙarya, ta ba shi wani abu mai daraja saboda ƙaryar?

Malam ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Wannan ba a wurina maganinsa yake ba, Saje. Mai haƙƙin tana da rai?"

"Tana da rai."

"To ka gaya wa abokin naka ya yi sauri. Na je duba ta jiya."

Na tashi. Har na kai ƙofa ya ce, "Nasihar da na yi ranar Juma'a, ni ma na yi gaggawa. Allah ya yafe mana." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Talata, 23 ga Agusta, da safe

Ruwa tun asuba. Rafi ya kawo, ba mai ƙetarewa.

Laraba, 24 ga Agusta, da safe

Rafi bai sauka ba. Na je na duba, na dawo ina jin sanyi a raina, wai ba laifina ba ne. Har na kama kaina ina lissafin cewa in ta cika yau, shi ke nan, ba wanda zai sani sai Turai da Malam. Na rubuta wannan don in riƙa ganinsa.

Alhamis, 25 ga Agusta, bayan magariba

Turai ta tashe ni daga kan tabarma da hantsi. Ta naɗe yadin cikin leda ta ɗaure, ta miƙo mini.

"Masu nono sun ƙetaro yau. In mace da ƙwarya a ka ta iya, soja ma zai iya."

Na ɗora shi a ka na shiga ruwa, ya kawo mini ƙirji. A tsakiyar rafi na tuna Baba.

Buba yana zaune a bakin bukka. Ya tashi da fara'a zai ba mu wuri, na ce ya zauna, gara ya ji. Na ajiye yadin a gabanta na durƙusa. Maganar da na shirya duk ta gudu. Na ce, "Inna, ƙarya na yi miki. Ba ni da likkafani. Da buhu muka rufe shi."

Ana jin maraƙi yana kuka a turke.

Na ci gaba, don na san in na tsaya ba zan ƙarasa ba. Na faɗi zannuwa arba'in, na faɗi makulli, na faɗi abin da Ubale ya ce da abin da na ce masa. Buba ya miƙe, ya ɗauki sandarsa. Na zaci a kaina zai sauke ta, kuma da ban kare ba. Ya fita kawai.

Inna ta daɗe tana kallon rufin bukka.

"Buhun mene ne?"

"Na fulawa."

"Wa ya wanke?"

"Ni."

"Da hannunka?"

"Da hannuna, Inna. Sau uku."

"Ya yi fari?"

"Ya yi, amma akwai rubutu. Bai fita ba."

Ta gyaɗa kai. Numfashi ya sarƙe ta, na jira. Da ya sake ta, ta ce, "Fiye da shekara ina ganinsa cikin abin da ba shi ne a jikinsa ba. Kai ka yi mini wannan."

Na ce haka ne.

"Maganar zani da makulli, tsakaninka da shi ne. Ba zan yafe a madadinsa ba, ba ni aka hana ba. Ƙaryar ce tawa, ni aka yi wa." Ta nuna yadin da haɓa. "Wannan na karɓa. Amma zanen da za a ɗaura mini daga ciki, irin nasa nake so. Ka samo buhun, ka wanke da hannunka, yadda ka yi masa. Ka kawo in gani. Sannan mu yi maganar yafiya."

Na ce, "Inna, mutane za su yi magana."

"Kai za su yi wa. Ni ina ƙasa."

Juma'a, 26 ga Agusta, da yamma

Babu man fetur, 'yan acaɓa sun jingine baburansu, sai na hau keke zuwa Ƙafin Maiyaki. Lawal mai gidan burodi ya fito mini da buhuna, na zaɓi uku marasa huji. Ya tambaya ko riga zan ɗinka wa yara. Na ce a'a. Shuɗin rubutu ne a jikinsu, har da zangarniya. Na ɗaure su a bayan keke.

Asabar, 27 ga Agusta, bayan azahar

Turai ta ce in wanke a gida, ga rijiya. Na ce a'a. Na tafi rafi da hantsi, mashigar da kowa ke bi, na farke su na baza a kan dutse.

Labari ya riga ni. Buba bai iya riƙe na daɗi ba, balle wannan. Mata masu wanki suka ja kayansu gefe, suna satar kallo. Lado ya zo wucewa da galan biyu a keke, ya tsaya, ƙafa ɗaya a ƙasa.

"Saje Buhu, ana aiki?"

Na ce, "Ana aiki, Lado."

Ya jira in ƙara wani abu, ban ƙara ba. Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai yi ba. Na dirza har fatar yatsuna ta saɓule. Sau uku. Rubutun ya dushe amma yana nan.

Lahadi, 28 ga Agusta, bayan la'asar

Turai ta haɗa biyu ta ɗinke da hannu, ƙananan ɗinki kamar na kayan aure. Ɗaya ya rage. Na kai.

Buba ya gan ni ya juya baya yana gyara igiyar da ba abin da ya same ta. Inna ba ta iya zama yanzu. Na ɗora mata zanen a ƙirji. Ta shafa shi, ta murza bakinsa da yatsu kamar mai taya yadi a kasuwa, ta kai hanci.

"Da ɗan kaushi."

"Da kaushi, Inna."

"Nan ne rubutun?"

Na kama yatsanta na ɗora a kan zangarniyar. Ta bi ta a hankali daga ƙasa har sama. Sannan ta ce, ba da ni take ba, "Hamman."

Tun yana cikin zani ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Buba da ke waje ya ji, na ga inuwarsa ta tsaya cak.

Can ta ce, "Je ka, Saje. Tawa na yafe."

Na kasa tashi. Sai da ta sake cewa in tafi, rana na faɗuwa, rafi ba shi da tabbas.

Talata, 30 ga Agusta, bayan azahar

Inna Saude ta rasu da asuba. An rufe ta da hantsi. Turai tana cikin masu wanka, ta ce an yi yadda ta ce. Na tsaya a sahun baya. Da aka zo zuba ƙasa Malam Jibrin ya miƙo mini fatanya, na karɓa.

Alhamis, 1 ga Satumba, da safe

Ban je teburin Lado ba. Na yi huɗar dawa. Ubale yana Tudun Wada, an ce ya bar aiki yana gadi a wata makaranta. Ina so in je, ban san abin da zan ce masa ba.

Juma'a, 2 ga Satumba, bayan la'asar

Buba ya zo. Bai shiga zaure ba, bai jingina sanda ba. Ya amsa gaisuwa a taƙaice, ya ciro wani ƙunshi daga aljihun riga.

"Na zanen ciki ne, da aka yanke daga yadin Makka, tunda buhu ya maye wurinsa. Ta ce a ba ka." Ya miƙo yana kallon gefe. "Ita ta ba ka, ba ni ba."

Na ce na gode. Ya ce shanu na jiransa.

Na shiga ɗaki na warware. Kamu huɗu ne da ɗan kai, ba zai rufe ni ba, daga ƙirji zuwa gwiwa ya tsaya. Turai tana bakin ƙofa. Na ɗauko buhun da ya rage na miƙa mata, ba ta tambaye ni ba, ta je ta ɗauko allura.

Da ta gama haɗa su na ninke shi na sa a akwati, a saman kaki. Na ɗauko kwaɗon zan kulle, yadda na saba shekara ashirin da biyar, sai na tsaya da shi a hannu. Na ba Turai, na ce ta sa a ƙofar akurki. Na ce mata in wani ya riga ni a unguwar nan aka zo neman sutura, ta buɗe ta bayar, ko ina gona kada a aika a tambaye ni.